Shirun Baƙin Allo

Shekara bakwai ya yi ba ya gida, ya dawo ya tarar babu abin da ya tsaya jiransa. Bishiyar ƙofar gida an sare ta, an kafa turken fitila a gurbinta. Shagon aski ya koma wurin sayar da rigunan waya. Rijiyar tsakar gida an toshe bakinta da siminti, an ɗora tanki a kai. Karen maƙwabta, wanda ya sani tun yana ɗan kwikwiyo, ya bi shi da haushi har zaure. Ɗakinsa kuwa Kawu kafinta ya mayar da shi ma'ajiyar katako, sai da aka janye guda shida kafin a sami wurin shimfiɗa katifa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Inna. Inna da ya bari ba ta iya kunna rediyo ba, ita ce ya tarar ta kafa waya a baki tana aika wa ƙanwarta saƙon murya, tana cewa, "Ga Auta nan ya dawo, ya rame, bari in turo miki hotonsa." Ya taho da labarin duniya cike da baki, ashe kowa ya riga ya kalli duniyar a tafin hannunsa.

Abu biyu kaɗai ya zo da su waɗanda babu mai irinsu a layin. Na farko wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin dutsen niƙa. Na biyu suna. Tun a ranar farko ya sanar da cewa a can inda ya zauna Injiniya ake kiransa, kuma manyan kwamfutocin wani kamfani ba sa wayar gari sai da hannunsa.

"Injiniyan me?" in ji Yaya, babbar yayarsa, wadda ke sayar da magani a kanti.

"Ko na faɗa miki ba za ki gane ba."

"To ka faɗa wa Inna, ita ta haife ka, dole ta yi haƙuri ta saurara."

Kwana goma da dawowarsa Kawu ya shigo gida da takarda a hannu, fuska a yamutse. Makarantar da ke ƙarshen layi tana neman a yi mata benci da tebur na azuzuwa takwas. Kwamitin makarantar ya ce duk mai son aikin ya aika da imel ɗauke da wasiƙa, da hotunan samfur, da ɗan gajeren bidiyo, kafin sha biyun ranar Laraba. Ranar Alhamis za a buɗe saƙonnin a gaban iyayen yara a zaɓi mutum ɗaya. Kowa a gidan ya san abin da wannan ke nufi. Wata huɗu ke nan zarton Kawu bai ci katakon kirki ba, mutane sun koma kujerun roba da na ƙarfe. Kawu da bakinsa ya ce in wannan aikin ya kuɓuce masa, zai rufe shagon da ya shekara talatin yana buɗewa, ya bar wa Mai Walda layin, tunda shi ma ya shiga neman.

Yaya ta miƙa hannu. "Kawo takardar, Kawu. Minti biyar ne a wayata."

Injiniya ya yi wata dariya ta tausayi, ya tare hannun. "Waya? Aikin azuzuwa takwas za ki tura da abin da ake kallon rawa da shi? Kawu, saƙon waya da saƙon ƙwararru ba ɗaya ba ne. Mu ba ma taɓa hoto da yatsa. Baƙin allo muke buɗewa, mu rubuta wa kwamfuta umarni baki da baki, ta ɗauki saƙo ta kai. Da kwamitin ya buɗe zai ji ƙamshin ilimi."

"Imel yana ƙamshi ne?" Kawu ya tambaya.

"Na ƙwararru yana yi."

Kawu ya dubi Yaya, ya dubi Injiniya, ya dubi Inna. Inna ta ce, "A bar Auta ya yi mana. Shekara bakwai ai ba kwana bakwai ba ce." Yaya ta mayar da wayarta jaka, ta ce ita dai ta faɗi nata, wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba.

Ranar Talata aka yi ɗaukar hoto. Injiniya ya hana a taɓa waya ko a nan, ya ɗora kwamfutar a kan wata kujera, ya juya ɗan idonta ya fuskanci samfurin da Kawu ya ƙera: benci da tebur haɗe, katako mai kauri, an goge shi sai sheƙi yake. Maƙwabta biyu suka baro aikinsu suka zo kallo. Akwai Tela, siriri mai tsinin baki, da Mai Faci, wanda in ya tsaya a ƙofar shago sai an kunna fitila.

Hotunan farko ba su yi ba. A ɗaya rabin benci ne da ƙafar Kawu, a wani kuma cikin Mai Faci ne ya cika wurin kaf. Injiniya ya ce ba komai, duk a jaka ɗaya yake tara su cikin kwamfutar, zai tace daga baya. Ya koma kan bidiyo. Ya gyara wuyan riga, ya danna, wani ɗan koren haske ya kama a goshin kwamfutar, shi kuma ya yi tsalle ya haye kan teburin.

"Sauko, ɗan nan," in ji Kawu. "Na shafa masa mai, da santsi."

"Kawu, talla sai da motsi. Ya ku 'yan kwamiti masu daraja! Ni ne Injiniya, wanda ya zaga ƙasashe, ya ga tebura iri-iri..."

Ya ɗaga ƙafa ɗaya don ya buga ta da ƙarfi ya nuna ƙwarin katako. Ɗayar ƙafar ta ce ba da ita ba. Sai ga Injiniya a sama, sai ga shi a ƙasa, ya dira da baya cikin tulin garin katako, takalminsa ɗaya ya tashi ya sauka a kafaɗar Tela.

"Ƙasashen da ka zaga," in ji Tela yana kakkaɓe kafaɗa, "har da wannan ta ƙasan tebur?"

Mai Faci ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Kawu ya ɗaga ɗan 'yar'uwarsa, ya duba teburin tukuna, sannan ya duba shi.

"Wannan za mu goge," Injiniya ya faɗa yana tofar da garin katako. Ya rufe ɗan hoton da ke kan allon, ya ce an gama.

"Koren hasken nan fa bai mutu ba," in ji Tela.

"Alamar lafiya ce. Kai ka san zare, ni na san wuta."

Da kowa ya watse, Kawu ma ya zaga baya, Injiniya ya leƙa hagu da dama, ya zauna a kan bencin yana riƙe da ƙugu, ya zaro 'yar wayarsa da yake ɓoyewa a aljihu. Ya kira wani tsohon abokin aikinsa ya yi ƙasa da murya. Sun jima suna magana, yana rubuta wasu abubuwa a tafin hannunsa da biro. Daga nan ya ɗingisa gida Inna ta gasa masa baya. Kwamfutar ya bar ta a shagon tana caji, sai bayan kusan awa guda ya dawo ya rufe murfinta. Da safe kuma, saboda bai saba da rubutu a tafi ba, ya wanke hannunsa tas da sabulu.

Ranar Laraba ƙarfe goma shagon Kawu ya cika. Labari ya zaga cewa yau za a yi wa kwamfuta magana baki da baki. Tela ya zo da almakashi a hannu, Mai Faci ya zo da kofin shayi, Inna ta zauna a kan kujera a gaba, Yaya ta tsaya a ƙofa tana duba agogo. Injiniya ya ɗora kwamfutar a kan samfurin, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙara, ya buɗe baƙin allo. Baƙi ƙirin, babu hoto babu komai, sai ɗan farin tsinke yana ƙyaftawa a kusurwa.

"Ta lalace," in ji Mai Faci.

"Haka take. Wannan shi ne ainihin cikinta. Abin da kuke gani a waya kwalliya ce kawai aka yi wa jahilai."

"Mun gode," in ji Yaya.

Ya rubuta sunan manhajar aika saƙo, ya rubuta taken saƙon, ya kwafi adireshin makarantar daga takarda harafi-harafi, ya danna babban madanni. Tsinken ya sauko layi na ƙasa ya tsaya yana jira. Kawu ya gyara murya ya fara faɗar wasiƙa, Injiniya yana bugawa: gaisuwa mai yawa ga Shugabar makaranta da 'yan kwamiti, ni ne kafintan da ke kusa da ku, shekarata talatin a wannan sana'a, ina roƙon a duba aikina. Da aka gama ya danna babban madanni da ƙarfi, ya harɗe hannu.

Tsinken ya sauko layi ɗaya. Ya ci gaba da ƙyaftawa.

Ya sake dannawa. Ya sake saukowa.

"Ya tafi?" Kawu ya tambaya.

"Tana tunani."

Ya rubuta mata da yaren da ya san tana ji cewa ta tura. Shiru. Ya rubuta ta fita. Shiru. Ya duba tafin hannunsa, ya tarar da shi fari fes kamar na jariri. Da yaren kwamfuta ya ƙare masa sai ya koma yaren gida, yana bugawa yana faɗa a fili don mutane su san ba tsoronta yake ba.

"Motsa mana! Ke tsohuwa, da ke nake! Kin kurumce ne? Tsohuwar banza mai taurin kai, wallahi da na gama da ke yau sai bola!"

"Auta, ka daina zagin abin mutane," in ji Inna. "Lallashi ake yi."

Ya buga: "Don Allah ki yi haƙuri, uwar ɗakina, ki taimaka."

"Ka yi mata alkawarin sabon batir," in ji Tela.

Har ya ɗaga hannu zai mari madannan sai wani abu ya faɗo masa: ɗigo! Abokinsa ya ce in an gama rubutu, a sa ɗigo ɗaya shi kaɗai a sabon layi, shi ne alamar an kai ƙarshe. Ya sa ɗigon, ya danna. Nan take allon ya saki, ya dawo layin umarni kamar ba a yi komai ba. Bai ce ya tafi ba, bai ce bai tafi ba.

"To?" in ji Yaya.

"Bai tafi ba. Da ya tafi ai da ta faɗa. Dama gwaji ne."

Ƙarfe sha ɗaya saura. Ya ce yanzu za a tura hoto tukuna. Yadda ake liƙa fayil a jikin saƙo yana cikin abin da sabulu ya cinye, don haka ya ƙirƙiro tasa dabarar: ya umarci kwamfutar ta kwashe hoton bencin ta zuba shi kai tsaye a inda ake rubuta wasiƙa. Hoto dai hoto ne, ko ta ƙofa ya shiga ko ta taga. Ya danna. Allon ya yi shiru, ya dawo layin umarni.

"Kun gani? Taurin kai." Ya danna kibiyar sama, umarnin ya dawo, ya sake turawa. Shiru. Ya sake. Shiru. Abin ya zame masa kamar kiɗa, kibiya, danna, kibiya, danna. Mai Faci ya shiga ƙirgawa da ƙarfi, mutanen bakin ƙofa suka kama masa. Suna kan ashirin da uku ne aka ji wata murya daga waje.

"Waye mai aiko mana da saƙo daga shagon nan?"

Sakatariyar makarantar ce, ta rungumo takardu tun daga ciki har haɓa, tana haki. Ta zube su a kan teburin. Kowace takarda cike take gaba da baya da wasu haruffa marasa kan gado, lambobi da alamomi a cakuɗe kamar tururuwa ta sha man fetur.

"Shugaba ta ce duk saƙon da ya shigo in buga mata shi a takarda," in ji ta. "Na danna na farko, firinta ta fara amai. Kafin in tsayar da ita wani ya shigo, wani ya shigo. Takardar jarrabawar yara ce wannan kuka cinye min! Mene ne wannan?"

Injiniya ya ɗauki ɗaya ya duba ta a juye. "Benci ne."

"Benci?"

"A yaren kwamfuta. Kin ga nan, wannan layin ƙafarsa ce."

Tela ya karɓa ya kai kusa da ido. "Lallai kuwa. Ga ma Kawu can a zaune a kai, yana kuka."

Yaya ta matso. "Tsaya, baiwar Allah. Kina nufin duk sun iso?"

"Ashirin da huɗu cif. Na farkon ne kaɗai da rubutun mutane." Sakatariyar ta dubi Injiniya daga sama har ƙasa, wani murmushi ya suɓuce mata. "Shi kam Shugaba ta ce kada in buga. Ta ce gobe da bakinta za ta karanta wa jama'a."

Injiniya ya juya ga Kawu ƙirji a buɗe. "Ka ji ko? Da bakinta! Wasiƙar Mai Walda wa ya ce zai karanta da bakinsa?" Sannan ya ɗaga yatsa ya yi wa taron bayani, kamar ba yanzu shi ma ya gane ba. "Abin da ba ku sani ba ke nan. Baƙin allo ba ya surutu. In abu ya lalace ne yake magana. In ya yi shiru, saƙo ya isa lafiya. Shiru shi ne alamar isa."

"Sau ashirin da uku kana gwada mu ke nan," in ji Yaya.

"Minti goma sha biyu ya rage a rufe," in ji Sakatariya, "kuma har yanzu ba hoto ba bidiyo." Ta kwashi takardunta ta fita.

Yaya ta zaro waya. Kawu ya buɗe baki zai ce a ba ta. Injiniya ya rantse da girman Inna cewa ya tuna, kuma wannan karon da gaske ya tuna: akwai ɗan harafin da ake sawa kafin sunan fayil, shi ke liƙa shi a jikin saƙo. Matsalar ita ce sunayen fayilolin dogaye ne, lambobi zalla, ga lokaci ya ƙure. Sai ya tuna da tauraro.

"Kun ga wannan 'yar alamar? Ita ce sarauniyar madannai. In ka sa ta, kana nufin duk abin da ke cikin jaka, kwashe."

"Duk?" in ji Yaya. "Me da me ke cikin jakar?"

"Aiki."

Ya sa tauraro, ya danna. Fankar kwamfutar ta ɗauki kuka kamar za ta tashi sama. Inna ta ja kujerarta baya. Minti ɗaya, uku, bakwai, tara. Sha biyu saura minti biyu kukan ya tsaya, allon ya dawo layin umarni, bai ce uffan ba.

"Shiru!" in ji Mai Faci. Shago ya kaure da tafi. Injiniya ya rufe kwamfutar da yatsa ɗaya, ya ce wa Kawu ya fara sayen ƙusa.

Ranar Alhamis babban ɗakin taron makarantar ya cika da iyayen yara. An rataya farin ƙyalle a bango, an kunna majigi, Sakatariya na zaune gaban kwamfutar ofis. Shugabar makaranta dattijuwa ce mai tabarau, irin waɗanda in suka dubi mutum sai ya tuna laifin da ya yi tun yana aji biyu. Injiniya ya zauna a layin gaba tsakanin Kawu da Inna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Aka fara da Mai Walda. Wasiƙa layi huɗu, hoto uku, bidiyo na rabin minti. Aka tafa kaɗan.

"Aikin waya," Injiniya ya raɗa wa Kawu.

Shugaba ta miƙe da kanta, ta gyara tabarau. "Saura kafinta. Wasiƙarsa ni zan karanta." Ta karanta gaisuwa, ta karanta shekara talatin, Kawu yana gyaɗa kai. Ba ta tsaya ba. Da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, ta ci gaba: "Tura. Fita. Fita. Motsa mana. Ke tsohuwa, da ke nake. Kin kurumce ne? Tsohuwar banza mai taurin kai, wallahi da na gama da ke yau sai bola."

Ƙafar Injiniya ta sauko daga kan 'yar'uwarta da kanta. Sai yanzu ya gane cewa duk abin da ya buga kafin ɗigon nan, cikin wasiƙar ya shiga.

"Don Allah ki yi haƙuri, uwar ɗakina, ki taimaka," Shugaba ta ƙarasa, ta cire tabarau. "Malam kafinta, wanne zan ɗauka? Bolar ko taimakon?"

Kawu ya miƙe. "Ranki ya daɗe, ni daga shekara talatin na tsaya."

"Da kwamfuta nake!" Injiniya ya yi tsalle. "Ita ce tsohuwar, ranki ya daɗe, ba ke ba. Ke ai ba ki... wato ke ma... amma ba irin..."

"Zauna, Auta," in ji Inna, ta ja shi da riga.

Dariyar da aka danne ta fashe. Mai Walda har da share hawaye. Shugaba ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta ce a buɗe saƙon ƙarshe a gama, tunda ƙa'ida ce.

Fayil arba'in da ɗaya tauraro ya kwaso. Aka ga ƙafar Kawu. Aka ga cikin Mai Faci ya cika bango guda, har mai cikin ya miƙe ya ɗaga wa jama'a hannu. Aka ga wasu tsoffin hotuna da suka daɗe a jakar: Injiniya da kwat ya jingina da wata jar mota, sai na gaba, mai motar ya fito yana nuna shi da yatsa, sai na gaba, bayan Injiniya kawai da ƙura. Sannan bidiyo ya buɗe. Sakatariya ta duba ta ce minti hamsin da biyu ne.

"A kashe!" in ji Injiniya. "Kuskure ne, ƙwayar cuta ce ta shiga!"

"A bari," in ji Shugaba.

Aka ga ya haye tebur, aka ji ya zaga ƙasashe, aka ga ya tashi sama. Wani daga baya ya roƙa a maimaita, Sakatariya ta maimaita sau biyu. Ta ɗan ja gaba. Sai ga shi zaune a kan benci shi kaɗai, riƙe da ƙugu, waya a kunne, muryarsa tana fita tar daga lasifika.

"Don Allah ka taimake ni, mutumina, na ɗauko da zafi. Ka tuna baƙin allon nan da Maigida yake rubutu a ciki lokacin da nake goge masa tebur? Ai ta bayan kafaɗarsa nake leƙe... A'a, ba su sani ba. Nan Injiniya suke ce min... Kai dai bari, shekara bakwai ina share ɗakin kwamfutoci, ai ko ƙurarsu ta koya min wani abu."

Babu wanda ya yi dariya da farko, abin ya fi ƙarfin dariya. Sai Tela ya ce daga tsakiyar taro, "To ai bai yi ƙarya ba. Ya ce ba sa wayar gari sai da hannunsa." Nan fa ɗaki ya rushe. Injiniya ya nemi ƙasa ta tsage, siminti ne, ta ƙi.

Kawu ya dafa kujera zai tashi ya fita, ya riga ya ga shagonsa da kwaɗo. Amma bidiyon bai ƙare ba, koren hasken nan bai san an watse ba. Sakatariya ta ƙara ja gaba. Sai ga Mai Faci ya leƙo shagon, ya ga ba kowa, ya shigo da ƙarfen tayar babbar mota da ya lanƙwashe, ya ɗora a kan sabon teburin, ya hau bencin da gwiwa, ya shiga dukan ƙarfen da guduma. Duka goma sha bakwai jama'a suka ƙirga. Tebur ko gezau.

"Kai!" Kawu ya juyo. "A kan samfurina?"

"Nawa teburin rawa yake yi, Kawu," in ji Mai Faci yana sosa ƙeya.

Bayan fitar Mai Faci a bidiyon sai ga Kawu ya dawo. Bai san ana ɗauka ba. Ya shafa teburin, ya tsaya a kusurwa, ya sake shafawa da babban yatsa, ya yi tsaki. Ya ɗauko samfefa ya durƙusa, ya shiga goge kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya har suka yi mulmul, yana magana shi kaɗai: "Yara ba sa tafiya, gudu suke yi. Wannan tsinin sai ya fasa wa wani goshi."

Shugaba ta ce a tsayar a nan. Ta mayar da tabarau, ta yi ƙus-ƙus da 'yan kwamiti, ba su ko yi minti biyu ba.

"Teburin da ya ɗauki wancan bawan Allah da gudumarsa zai ɗauki 'yan aji uku," in ji ta. "Mun ba kafinta aikin, bisa sharaɗi ɗaya. Daga yau duk saƙon da zai aiko mana, ya tako da ƙafarsa ya faɗa da baki."

Kawu ya zauna daɓas, ya rufe fuska da hula. Inna ta riƙa shafa masa kafaɗa. Injiniya kuwa, da ya ga iska ta juya, ya miƙe a hankali ya gyara wuyan riga.

"Dabarar ke nan tun farko," ya ce. "A can ana kiran wannan talla ta gaskiya. Da waya aka tura, da wa zai ga..."

"Malam," Shugaba ta katse shi, "tunda ka ƙware, ga teburan ɗakin nan ashirin, taro ya ɓata su. Sakatariya, ba shi tsumma."

Kafin la'asar sunan Injiniya ya mutu a layin, Goge-Tebur ya gaje shi. Mai shayi ya kira shi da shi, direban da ke wucewa ya kira shi da shi, har karen maƙwabta ya daina yi masa haushi, ya koma kallonsa kawai, wanda ya fi haushin ciwo.

Washegari da hantsi Yaya ta same shi a ɗakin katako yana cusa kaya a jaka. Daga shago ana jiyo kukan zarton Kawu.

"Ina zuwa kuma?"

"An kira ni. Wani babban kamfani ne, kwamfutocinsu sun rikice."

"Ƙura ta yi musu yawa ke nan." Ta jefa masa sabon tsumma a kan jakar. "Ga gudummawata."

Ya yi kamar bai gani ba, amma da ta juya ya tura shi can ƙasan kaya. Kwamfutar ce ta ƙi shiga jakar. Kawu ya aiko a ce ya bar ta, dama yana neman abu mai nauyi da zai riƙa danne katako in ya shafa gam.

Inna ta shigo da ƙullin guzuri, ta zauna a bakin katifa tana kallonsa yana kokawa da zif.

"Inna, da na sauka zan aiko muku da saƙo. Har da hotuna da bidiyo."

Inna ta dafa hannunsa da sauri.

"A'a, Auta, kada ka wahalar da kanka. Ka yi shiru kawai. In muka ji shiru, mun san ka isa lafiya."